Wa aka taɓa yi wa gwajin homon ɗin girma? Ku ba ni labari don Allah

Maman Biyu: Salam jama'a. Ɗana shekararsa 11, duk sa'anninsa sun fi shi tsawo ga kuma ƙiba, likita ya ce mu kawo shi da safe bai ci komai ba za a gwada homon ɗin girma, wai sai mun yi awanni a can. Hankalina ya ƙi kwanciya wallahi, ɗibar jini sau ɗaya ba ta isa ne?

Yaya Babba: Ba ta isa ƙanwata, nima haka na tambaya lokacin 'yata. Wani ɗan ƙullutu ne a ƙasan ƙwaƙwalwa yake sakin homon ɗin, kuma ba kowane lokaci yake zuba ba, tsit yake yi sai ya saki da yawa lokaci guda, galibi da dare in barci ya yi nauyi, to kin ga in aka ɗiba da rana sai a ga kamar babu alhali lafiya lau. Shi yasa suke ba da magani su zaburar da shi. Ita clonidine aka ba ta, kanula ɗaya, wato ɗan siririn bututun da ake sawa a jijiya, aka sa mata a hannu ana jan jini duk minti 30, ba a yi ta caka mata allura ba. Barci kawai ta dinga yi, da ta tashi jiri ya ɗan ɗebe ta. Ki tafi da abinci a kula.

Baban Gida: Ni da girmana aka min, na insulin, ana saukar da suga da gangan. Zufa, karkarwa, yunwa kamar in ci babu, amma nas tana tsaye a kaina har aka gama. Sakamako ya fito ƙasa, na riga na fara lissafin kuɗin allurar homon, sai likitan ya kalli tumbina ya ce Alhaji dakata, kitsen ciki da kansa yana danne homon ɗin, mai ƙiba zai iya faɗuwa gwajin nan ko da ƙullutun nasa ƙalau yake. Ya duba IGF-1, wani homon da hanta ke yi idan homon ɗin girma ya zaburar da ita, ya ce in rage nauyi in dawo. Wata takwas ina tattaki bayan asuba, na bar lemon kwalba, da aka sake ya hau. Hajiya ki tabbatar sun yi la'akari da nauyin yaron kafin a yanke hukunci, wannan ita ce maganata.

Anti: Tawa akasin haka ce. Na zubar da jini sosai wajen haihuwa, nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, ga kasala ga teɓa, shekaru ana ce min son jiki ne. Ashe ciwon Sheehan ne, ƙullutun ne ya lalace.

Maman Biyu: Allah sarki Anti, Allah ƙara sauƙi. Hoton hannun hagu da suka ce a yi masa fa, kafin gwajin ne ko bayan?

Yaya Babba: Mu kafin aka yi, shekarun ƙashi suke dubawa, wato ko girman ƙashinsa ya dace da shekarunsa. Ki je da shi ranar.