Makullin W123 ya fara cijewa: in canza duka ko in gyara?

Mai 240D ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Marsandi W123, 240D ƙirar 1982, wadda na gada daga mahaifina. Kwanan nan makullin tada mota ya fara cijewa, sai na jijjiga shi, na ɗan motsa sitiyari, kafin ya juya. Ƙofar direba kuma ta saki, makulli na shiga yana rawa. Ta fasinja da but lafiya lau suke. Wani ya ce in sayi sabon saiti in canza duka. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, domin makulli ɗaya ke buɗe komai a motar nan tun tana sabuwa, kuma haka nake so ta zauna. Me kuke gani?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam. Malam, tun kafin maganar saye: ka daina tada motar nan da wannan gidan makullin. A W123 ba a iya zare shi sai makulli ya juya zuwa lamba 1. A nan ne ake zura siririyar wayar ƙarfe ta ƙaramin ramin da ke gefen fuskarsa, ta danne harshen da ke riƙe shi, sannan a warware baƙar hular da ke kewaye da shi. Aikin 'yan mintoci ne. Amma ranar da ya ƙi juyawa daga 0, hanyar ta toshe, sitiyari ma a kulle. Sai dai yanka da huda, ita kuwa hular ƙarfe ce mai tauri, da gangan aka yi ta don ɓarayi. Na ga motoci masu kyau da aka ɓata musu dashbod a wajen wannan aikin, abin da ciwo.

In ya juya yau, bar shi a lamba 1, cire wayar batir, ka zare gidan makullin. Kuma da shi a waje, gwada juya abin da ke ciki da sukundireba. In ya juya sumul, laifin gidan makullin ne kawai. In yana cijewa, makullin sitiyarin kansa ya gaji.

Hajiya Mai Tsohuwar Mota:

Ɗan'uwa, ban goyi bayan canza duka ba. A cikin kowane gidan makulli akwai 'yan siraran ƙarafa jere, kowanne da ɗan sifirinsa, su ne ke karanta haƙoran makulli. Mai gyaran makulli da ya san aikinsa zai buɗe na ƙofar, ya wanke, ya canza waɗanda suka cinye, ya jera su daidai da makullinka. Na ƙofar a cikin hannun ƙofa yake, hannun ake cirewa a kai masa.

Ka duba makullin da kansa ma. Wanda ya shekara sama da 40 a aljihu ya lashe, in ka kwafe shi lasasshe za a ba ka. A yanka sabo da lambarsa, ko ka tambayi dillalin kamfanin da lambar shasi da takardun mota. Sannan ka rage tarin makullan da ke rataye da shi, nauyinsu na cinye gidan.

Ɗan Dizal:

Ƙari kaɗan, Oga, tunda taka dizal ce. Zuƙar iska ce ke kashe injin 240D, ba lantarki ba. Akwai siraran bututu biyu a jikin makullin sitiyari. In aikin ya kai ga cire shi, yi musu alama. In suka sauya wuri ko ɗaya ya tsage, za ka zare makulli injin na ci gaba da aiki, sai ka buɗe bonet ka danna jan hannun da aka rubuta STOP. Kar kuma ka ɗura baƙin mai a ramin makulli, ƙura yake tarawa.

Mai 240D:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na bi maganarka: makullin ya juya, na zare gidansa, na ciki kuma yana juyawa sumul. Hajiya, hannun ƙofar zan kai tare da shi. Tambaya ɗaya ta rage: in bar motar haka a lamba 1 har a gama gyara?

Tsohon Bakanike:

Bar ta haka, batir a cire. Kar ka mayar da na ciki 0, domin a lamba 1 gidan zai koma.