Yaya zan tsara addinin daular da na ƙirƙira a labarina?

Marubuci daga Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina rubuta ƙagaggen labari a kan wata daula wadda mutanenta ke bauta wa gumaka bakwai, kowanne da kogi ko dutsen da yake iko da shi. Yaya zan tsara addininsu ya gamsar da mai karatu ba tare da na kwaikwayi na Girkawa ba?

Malama daga Unguwar Rimi:
Wa alaikumus salam, malam. Ka duba tarihin Kano, inda babban boka Barbushe ne kaɗai ke shiga shingen gunkin Tsumburbura, sannan ya fito ya shaida wa jama'a abin da zai auku a shekarar. A ganina, iko yana hannun mai riƙe da ƙofar tsafi, saboda haka ka fara tsara bokayen daular da irin yankan da suke karɓa kafin ka koma kan gumakan.

Dattijo daga Kawo:
Ɗana, iskokin bori suna da garinsu, Jangare, da sarautu da zumunta, kuma ɗaya daga cikinsu, Ɗan Galadima, an san shi da caca da almubazzaranci. Ka ba gumakanka halaye irin waɗannan, amma ka ƙirƙiro musu sababbin sunaye.