Art Blakey: daga wane faifai zan fara, kuma yaya ake yin burarin nan nasa?

Sabon_Makaɗi:

Assalamu alaikum. Ina koyon gangunan bature, kuma duk wanda na tambaya game da kiɗan jaz sai ya ce in saurari Art Blakey. Matsalar ita ce faya-fayensa sun yi yawa, kusan duka da sunan Jazz Messengers, amma sautinsu ya sha bamban. Daga wanne ya kamata a fara? Na biyu, burarin da yake yi a kan ƙaramar ganga mai waya, wanda ke farowa ƙasa-ƙasa ya kumbura har ya fashe, nawa yana fita a tsittsinke, ana jin kowane hannu daban. Kuma da gaske ne a Afirka ya koyi kiɗa?

Mai_Faifai:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya ruɗa ka shi ne suna ɗaya ne amma mutanen ciki suna canzawa. Blakey ya riƙe ƙungiyar wajen shekara 35, yana ɗaukar samari, su goge, su tafi su kafa nasu, ya ɗauko wasu. Don haka kafin ka kunna kowane faifai, duba shekara da sunayen masu busa da mai fiyano.

An haifi Blakey a Pittsburgh ta Amurka ranar 11 ga Oktoba 1919. Da fiyano ya fara kafin ya koma ganga. Inda ya goge sosai shi ne babbar ƙungiyar Billy Eckstine daga 1944 zuwa 1947, wadda Charlie Parker da Dizzy Gillespie da Miles Davis duk suka bi ta cikinta. A 1947 shi ya kaɗa wa mai fiyano Thelonious Monk a ɗaukarsa ta farko a kamfanin Blue Note.

Ni dai shawarata ka fara da Moanin', wanda aka ɗauka ranar 30 ga Oktoba 1958 a ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke Hackensack. Lee Morgan ne a tirampet, Benny Golson a saksofon, Bobby Timmons a fiyano, Jymie Merritt a bes. Dalilina shi ne kiɗan ba ya gudu, ɗaukar kuma ta fita fes, za ka ji ƙafarsa ta hagu da hannunsa na dama kowanne a wurinsa. Kada ka saurara a lasifikar waya, tana cinye bes da babbar gangar ƙafa. Sa abin kunne.

Idan kunnenka ya zauna, koma baya zuwa A Night at Birdland na 21 ga Fabrairu 1954, tare da Clifford Brown da Lou Donaldson da Horace Silver. A gaban 'yan kallo aka ɗauka, a lokacin sunan Messengers bai hau kan faifan ba tukuna. Blakey da Silver suka kafa ƙungiyar, Silver ya fita a 1956 ya bar masa sunan.

Daga nan sai zamanin mai saksofon Wayne Shorter, 1959 zuwa 1964, wanda a wurina nan ne ƙungiyar ta kai ƙololuwa. A 1961 masu busa suka zama uku: Freddie Hubbard, Shorter da Curtis Fuller a torombon, ga Cedar Walton a fiyano. Free for All na Fabrairu 1964 ka bar shi ƙarshe. Wutar da ke cikinsa tana sa sabon makaɗi ya ɗauka ƙarfin duka shi ne Blakey, alhali kuwa ba shi ba ne.

Kada kuma ka tsaya kan faya-fayen da ke ɗauke da sunansa. Nemi Somethin' Else na Cannonball Adderley, 1958, da Soul Station na Hank Mobley, 1960. A nan ne za ka ji yadda yake danne hannu idan aikin na wani ne. Shekarun 1970 kasuwar irin kiɗansa ta ja baya, sannan ta farfaɗo da zuwan mai tirampet Wynton Marsalis a 1980, Terence Blanchard ya gaje shi a 1982. Blakey ya rasu a New York ranar 16 ga Oktoba 1990.

Oga_Ganga:

Malam ya gama da tarihi, bari in taɓa burarin. Ƙanena, tsinkewar da kake ji abu uku ke kawo ta: riƙon sanda, saurin hannu, da ɗaurin gangar.

A wannan burari ba bugu biyu-biyu ake ƙirgawa ba. Kowane hannu yana danna kan sanda a fata ne ya bar ta ta yi tsalle sau uku ko fiye, kafin ƙarar ta mutu ɗaya hannun ya shigo. Riƙe sandar tsakanin babban yatsa da manuni, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gindinta, sauran yatsu a sake. Ka matse da yawa, sanda ta shaƙe ta yi "zit" ta tsaya. Ka sake da yawa, tsallen ya warwatse. Fara da hannu ɗaya kawai, kana neman "zzzz" mafi tsawo da za ka iya samu, minti biyar dama, minti biyar hagu. Kusan kullum hagun ne gajere, shi ya sa ake jin kowane hannu daban.

Bayan haka sa na'urar ƙirga bugu a 70, wato bugu 70 a minti ɗaya, ka yi dannawa huɗu a kowane bugu, dama hagu dama hagu. In akwai giɓi tsakani, kada ka ƙara matsewa, ƙara yawan dannawar zuwa shida. Kumburin kuma daga wuri yake zuwa: fara kamar inci ɗaya daga bakin ganga, inda fata ta fi tauri kuma sauti ya fi siriri, ka riƙa jawo sandunan zuwa tsakiya kana ɗaga su kaɗan-kaɗan. Ƙarshensa ya sauka daidai kan bugu na ɗaya, farantin tagulla da gangar ƙafa tare. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gudu: da ƙara ta tashi sai hannu ya yi sauri, mutum ya sauka kafin lokaci ya ja kowa ya faɗi.

Maganin wannan gudun yana ƙafar hagu. Blakey yana taka hai-hat, wato farantan tagulla biyun da takun ƙafa ke haɗawa, a bugu na 2 da na 4 da ƙarfi, kuma ba ya sakinsa ko a tsakiyar burari, sau da yawa har cikin kiɗansa na shi kaɗai. Wannan takun ya fi burarin muhimmanci. Sa na'urar a 60, ka ɗauki kowane "tik" a matsayin 2 da 4, ka ga kana kiɗa a 120 ke nan. Yi minti goma ƙafa da hannun dama kawai. Tazarar faranti biyun ta zama kamar inci ɗaya, kuma ka ɗan karkata na ƙasan da ƙusar da ke ƙarƙashinsa. Idan suka haɗu daidai wa daida iska na maƙalewa a tsakani, sai ka ji "fuf" maimakon "cik".

Sai ɗauri. Ganga mai inci 14, fatar sama mai ɗan kaushi, ta ƙasa ta ɗan fi ta sama tauri. Wayoyin ka sassauta su har su fara karkarwa, sannan ka ɗaure a hankali har karkarwar ta tsaya, ka bari a nan. Waya mai tauri tana kashe bugu mara ƙarfi, burarin ba zai taɓa farowa ƙasa-ƙasa ba. Kuma cire bargon da ake cusawa a gangar ƙafa, wannan na kiɗan coci da na fati ne. A jaz ana so ta yi numfashi, ana shafa ta a hankali a duk bugu huɗu, a ji ta a jiki fiye da a kunne.

Mai_Faifai:

Na manta tambayarka ta uku. Blakey ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, a cikin shekarun nan ne kuma ya musulunta, ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, abokansa suna kiransa Bu. Amma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa addini da falsafa suka kai shi, ba koyon ganga ba, kuma jaz kiɗan Amurka ne. Kafin tafiyar ma ya riga ya zama cikakken makaɗi.

Duk da haka kunne ba ya ƙarya. Yakan danna gwiwar hannu a kan fata yana bugawa don muryar ganga ta hau ta sauka, irin yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata. Ya kuma yi faya-fayen da ganguna ne kan gaba: Orgy in Rhythm a 1957, da The African Beat a Janairu 1962, wanda Solomon Ilori daga Najeriya ya yi waƙa kuma ya kaɗa gangar Yarabawa a ciki. Mai busa a wannan faifan, Yusef Lateef, daga baya ya zauna a Zariya yana bincike a Jami'ar Ahmadu Bello a farkon shekarun 1980.

Kunnen_Bes:

Ƙari kaɗan. Wanda ya taso da kiɗan Fela ya riga ya ji jikan Blakey a salon kiɗa bai sani ba. Tony Allen, makaɗin gangunan Fela, ya koyi abubuwa da yawa daga faya-fayen Blakey da na Max Roach, musamman aiki da hai-hat, kuma a 2017 ya fitar da ƙaramin faifai na waƙoƙi huɗu a Blue Note don girmama shi. Saurari Moanin' na 1958, ka bi shi da na Allen, ka lura da inda kowannensu ya ajiye ƙafar hagu.

Oga, ina da ja a wuri ɗaya: dannawa shida a 70 ta yi wa sabon hannu yawa. Gara ya tsaya a huɗu ya ɗaga na'urar zuwa 90, giɓin zai rufe da kansa. Kuma ya ɗauki kansa a waya daga nesa da taku uku, domin a kan kujera mutum ba ya jin hannun da ya fi ɗaya ƙarfi.