Mi za mu kira "bleu" da Hausa? Ni dai na tsaya kan kwanciyar jini

Salama alaikum 'yan uwa masu fentin 'yan mutum-mutumi. Jiya a Yamai ina koya ma ƙanena fentin wani ɗan dambe na roba, tsayinshi bai wuce milimita 28 ba, na ce mishi ya sa ma ɗan damben bleu ƙarƙashin ido, wato shaidar da duka ke bari a fata, sai yaron ya ɗauko shuɗi ya dangwala. Ba laifinshi ba ne, abin da kalmar Faransanci ta gaya mishi ke nan, don bleu kuma shi ne shuɗi. Shi ya sa na ce mu nemo tamu.

Wani malami daga Tawa ya ce rauni. Malam, rauni ya yi faɗi, har sara da yanka duka rauni ne. Wani ya ce tabo, to tabo ai sai ciwo ya warke. Ƙujewa kuwa fata ce ta saɓule, nan fata lafiya lau take.

Abin da iyayenmu ke cewa in ƙofa ta datse ma yaro yatsa shi ne jini ya kwanta. Kwanciyar jini ke nan, kuma wallahi kalmar da kanta tana koya ma mutum aikin, don jinin ƙarƙashin fata yake kwance, ba bisa ba. Saboda haka ba a shafa fenti mai kauri, sai ka tsinka fentin akirilik ɗinka da ruwa, samfurin Vallejo ne ko Citadel, ya zama kamar tsinkakken koko, ka goge burushi a tsumma har ya kusa bushewa, ka bi wurin sau ukku ko huɗu kana bari kowane ya sha iska, gefen kuma ya ɓace cikin launin fata, kar a ga iyaka.

Kuma ba launi guda ba ne. Ranar farko ja ne, kwana 1 zuwa 2 ya koma shunayya mai duhu, wajen kwana 5 zuwa 10 tsanwa ta fito daga gefe saboda jiki na narkar da jinin, likitoci na ce ma wannan launi bilibadin, daga nan rawaya, sannan ruwan ƙasa. A fatarmu baƙa rawayar nan da wuya ka gan ta, ni makuba nike sawa a tsakiya da ɗan shuni kaɗan, in ɗan haskaka kuncin don a ga kumburi.

Yaya da ke aikin jinya ta ce to ematom fa, wanda ke tasowa ya yi ƙulu? Gaskiyarki Yaya, wannan mu ce mishi taruwar jini, shi sai an ɗora ɗan ƙullin mastik, abin nan mai kamar yumɓu da ake gyara siffa da shi, kafin fenti. Wanda ya baje bai taso ba, kwanciyar jini.

Ƙanen nawa ya wanke shuɗin, yanzu yana shafi na biyu.