Abin da kare zai ci da wanda ba zai ci ba

Daren Asabar a majalisarmu ta Samaru, hira ta biyo ta kan karnukan gadi, bayan wani maƙwabci ya ce nasa ya kwana yana amai. Cikinmu akwai likitan dabbobi da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, shi muka fi kasa wa kunne.

Inda ya fi ja mana kunne shi ne albasa da tafarnuwa. Ɗanye ko dafaffe, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma ba nan take ake gani ba. Sai bayan 'yan kwanaki dasashinsa ya yi fari, fitsari ya yi duhu, yana ta haki. Wannan ya tsaya mini a rai, domin yawancinmu ragowar tuwo da miya muke juye musu, kuma wace miya ce ba albasa? Ya ce a ware masa tuwonsa tun kafin a zuba miya.

Inabi da zabibi kuwa kada ma a gwada, suna kashe ƙoda. Haka cakulan da goro, suna sa zuciyarsa bugu fiye da kima.

Kankana, gwanda, ayaba da mangwaro ba laifi, amma kaɗan-kaɗan, a fere, a cire 'ya'yan. Ƙwallon mangwaro kan toshe hanji, ga shi lokacinsa ko'ina a yashe yake.

Wani dattijo mafarauci ya ce, "Likita, ƙashin kaza fa?"

"Baba, dafaffe tsagewa yake yi, ya soki hanji. A zare masa tsokar kawai."