Neman shawara kan injin shara mara ƙara don asibitin dabbobi a Jidda

Likitar dabbobi, Jidda:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi a nan Jidda, kuma mafi yawan abin da ake kawo mana maguna ne, sai tsuntsaye irin su aku da kanari, karnuka kuwa ba su da yawa. Injin sharar da muke amfani da shi yana zuƙa sosai, amma da zarar an kunna shi sai magunan da aka kwantar su firgita, wasu su lafe a lungun keji su ƙi cin abinci. Wannan yana shafar aikin kansa, domin magen da ta tsorata bugun zuciyarta da hawan jininta da sukarin jininta duk suna tashi, kuma awon da aka yi mata a wannan hali bai zama abin dogaro ba. Barin sharar kuma ba zai yiwu ba, saboda gashi da ƙurar yashin bahayan maguna da ta waje suna taruwa kafin azahar. Ƙasan asibitin tayil ne gaba ɗaya, babu kafet. Ina roƙon masu sani su nuna mini abin da zan duba kafin mu saya: wane adadin ƙara ne ya dace, mai jaka ya fi ko mara jaka, mai waya ko mai batir?

Injiniyan lantarki, Riyad:

Wa alaikumus salam, Likita. Ana auna ƙara da desibel, kuma ma'aunin ba ya tafiya kamar lissafin da muka saba, domin ƙarin desibel 10 yana sa kunnen mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka sau biyu. Injinan shara na gida da yawa suna tsakanin 70 da 80, waɗanda ake kira marasa ƙara kuma suna sauka zuwa wajen 60 ko 65. Tarayyar Turai ta kafa doka daga Satumban 2017 cewa injin sharar gida mai waya kada ya wuce wat 900 da desibel 80, shi ya sa kayan da aka ƙera don kasuwar Turai sukan fi laushin sauti.

Sai dai akwai wurin da mai saye yake ruɗewa. Kamfanoni suna rubuta adadi iri biyu: ɗaya shi ne jimillar ƙarar da injin yake fitarwa, wanda ake yi wa alamar LwA, ɗayan kuma shi ne abin da kunne yake ji daga ɗan nesa, mai alamar LpA, kuma na biyun yakan yi ƙasa da na farko da kusan desibel 10 ko fiye. Injin da aka rubuta masa 62 da wanda aka rubuta masa 72 suna iya zama daidai a kunne idan ba ma'auni ɗaya aka bi ba, don haka ki tabbata alama ɗaya kike kwatantawa.

Game da batir, ban ba ki shawararsa ba. Motarsa ƙarama ce, a wasu injinan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, kuma sautin da take fitarwa siriri ne mai tsini. Jin mutum yana tsayawa a wajen hatiz 20,000 (hatiz shi ne yawan kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, kuma yawansa ne ke sa sauti ya yi tsini), na kare yana kai kusan 45,000, na mage kuwa kusan 64,000, saboda haka akwai sashen ƙarar da marasa lafiyarki suke ji wanda ke ba kya ji, kuma adadin da ke jikin kwali an gina shi ne a kan kunnen ɗan Adam. Ki nemi mai tukunya da ake ja a ƙasa, mai maɓallin rage ƙarfi, da kan shara mara buroshi mai juyawa, tunda tayil ba ya buƙatarsa.

Likitan tsuntsaye, Buraida:

Bayanin Injiniya ya gamsar, amma a ganina iskar da injin yake mayarwa cikin ɗaki ita ce ta fi cancantar a fara dubawa, ƙara ta biyo baya. Aikina ya fi yawa a kan shaho, kuma cutar da muka fi jin tsoro a jikinsa ita ce wadda naman gwari na Aspergillus yake haifarwa a huhu da jakunkunan iska, kuma ta hanyar shaƙar ƙura take shiga. Ke da kike da maguna, makero ne babbar damuwarki, domin ƙwayoyinsa suna manne da gashin da ya zube, kuma suna iya rayuwa a ɗaki har watanni 18. Injin da ya kwashe gashin daga ƙasa sannan ya feso ƙwayoyin ta baya ya watsa cutar ne zuwa kan tebur da keji da kayan ma'aikata, ko da kuwa ba ya ƙara ko kaɗan.

Don haka ki nemi mai matacin HEPA, wato matacin iska mai kama ƙura mai laushi ƙwarai, na matakin H13, wanda yake riƙe kashi 99.95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyin ƙura, kuma ki duba cewa jikin injin a toshe yake da roba a kowace mahaɗa, domin mataci ba shi da amfani idan iska tana samun hanyar kewaye shi. A kan batun jaka ba ni da wata tantama: mai jaka ya fi, musamman jakar da ake rufe bakinta kafin a cire. Mara jaka, duk ranar da aka zazzage shi, wanda ya zazzage ne zai shaƙi abin da aka tara. Jakar kuma tana ɗan rage ƙarar motar.

Abu ɗaya nake roƙo a kiyaye saboda lafiyar ma'aikata. Kada a zuƙe busasshen kashin aku da injin, domin ta ƙurarsa ake kamuwa da zazzaɓin aku, wanda yake kama huhun mutum. A jiƙa shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a goge, a sa safar hannu da takunkumi. Injin shara yana kwashe datti ne kawai, wankin ƙasa da magani yana nan a matsayinsa.

Shugabar masu tsabta, Makka:

Likita, Allah ya taimaka. Ni ba ni da ilimin ma'auni, amma na daɗe ina kula da masu shara, kuma na ga cewa tsarin aiki yana rage rabin matsalar. A bar tukunyar injin a baranda, a ja ƙofa, a shigo da dogon tiyo kawai, domin motar ita ce tushen ƙarar. Ɗakin da aka kwantar da maguna a yi masa tsintsiyar roba da jiƙaƙƙen tsumma da rana, a bar injin sai ga ɗakin jira da na aski, inda gashi ya fi zuba. Injin da ke zuƙar ruwa da ƙura tare yana da amfani, amma yawanci shi ya fi kowanne ƙara. Kafin ki biya kuɗi ki tambayi mai shago ko ana samun jakunkuna da mataci a nan cikin ƙasa, ki sayi na wata shida a lokaci ɗaya.

Likitar dabbobi, Jidda:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, shawararki ta barin injin a baranda za mu fara ta tun gobe in sha Allahu. Injiniya, saura tambaya ɗaya: idan ban samu irin wanda kuka kwatanta a kasuwa ba, akwai matsala idan aka aiko mini da shi daga waje?

Injiniyan lantarki, Riyad:

Ya danganta da ƙasar da zai fito, Likita. Wutar Saudiyya ana mayar da ita bolt 230 a kan hatiz 60, kuma har yanzu akwai tsofaffin gine-gine masu soket na 127, don haka ki sa mai gyaran wuta ya auna na asibitin tukuna. Na Amurka bolt 120 ne, zai ƙone idan aka sa shi a 230. Na Turai ya dace da ƙarfin wutarmu, amma ki duba farantin bayanan da ke ƙarƙashinsa ya nuna hatiz 50/60, kuma fulogin ya zama mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda shi ake amfani da shi a nan. Duk da haka na fi son ki saya a Jidda, domin garanti yana aiki, kuma za ki iya sa a kunna miki biyu ko uku a shago, ki tsaya nisan mita ɗaya daga kowanne, ki saurara a ƙaramin ƙarfi da kuma babba, ki ƙyale duk wanda kika ji yana yin siririn sauti kamar fito.