Alamar kammalar aiki a ƙirƙirarren harshe: a ina ake tuntuɓe?

Malamin Hausa, Tudun Wada: Masu ƙera harshe a nan Kaduna, ku kawo abin da kuka gani. Tuntuɓen farko shi ne haɗa lokaci da yanayin aiki a alama ɗaya. Ku duba Hausa: "gobe war haka mun isa Kano". Wannan "mun" ba jiya take nufi ba, tunda gobe ake magana. Cewa take yi aikin ya kammala. Haka "jiya yana karatu na shigo": "yana" ce, amma jiya ne. Ku fara tsayar da abu uku: kammalalle (aikin da aka gama), mai ci (aikin da ake cikin yi), da sabau (aikin da aka saba yi). Lokaci ya biyo baya.

Malama, Unguwar Rimi: Gaskiya ne, Malam. Ƙirƙirarren harshen Klingon na Marc Okrand haka ya bi, ba ya nuna lokaci a jikin aikatau sam. Ɗafa-ƙeya (ɗafin da ake liƙawa a ƙarshen kalma) huɗu gare shi na yanayin aiki: -pu' an gama, -ta' an gama da niyya, -taH ana ci gaba, -lI' ana ci gaba zuwa wani ƙarshe sananne. Esperanto kuwa, na Zamenhof tun 1887, lokaci ya sa gaba (-is, -as, -os), sai ya ciko giɓin da ek- don farawa da -ad- don daɗewa.

Ɗalibi, Kawo: Ni lissafi zan ƙara. Wanda zai kwaikwayi Hausa ya manna alamar a jikin wakilin suna, ya ƙirga tukuna. Muna da tara: na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, an. Yanayi huɗu, kamar na Klingon, sau tara sau biyu (tabbatarwa da korewa) siffa 72 ke nan. Ɗafi guda a jikin aikatau ya fi sauƙin koyo nesa ba kusa ba.

Malama, Unguwar Rimi: Korewar nan ma, ƙanena, ita ake mantawa. "Sun zo" da "suka zo" duk "ba su zo ba" suke komawa. Ba laifi ba ne bambanci ya narke a korewa, amma a rubuta shi a nahawun.

Mai fassara, Barnawa: Aikatau na hali su ne ke fasa jadawali. "Na sani", "na gaji", "na ƙoshi": siffar ta kammalalle ce, ma'anar ta yanzu. In ba a yanke hukunci a kansu tun farko ba, kowane mai koyo zai fassara yadda ya ga dama. Gwajin da ke tona wannan: a rubuta labari mai jimla goma, a sa aiki ɗaya ya katse wani, a sa al'ada ɗaya, a sa "sani" da "mutu" a ciki. "Yana mutuwa" bai mutu ba tukuna. In harshenka ya kasa raba shi da "ya mutu", koma ka gyara alamar mai ci kafin ka ƙara ko kalma ɗaya a ƙamus.